Sabon Wasan Sanɗa Na Nan Tafe: Wane Shiri Ƙasar Zuru Ta Yi?

Daga Wakilinmu a Zuru

A cikin watan Disamba na shekarar 2021 ne kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ya ba da sanarwar cewa reshensa da ke birnin Toronto a ƙasar Kanada ya soma aikin sake ƙera wani wasan kwamfuta mai suna Splinter Cell, wanda ya fara fitowa tun 2002. Shekara huɗu suka shige, har 2025 ta ƙare, wasan bai shiga kasuwa ba. Duk da haka masu sha'awarsa a sassa daban-daban na duniya ba su fid da rai ba, domin rabonsu da ganin sabon kashi a cikin jerin wasannin nan tun shekarar 2013.

Mai karatu na iya tambaya, mene ne haɗin mutumin Zuru, ko na Dabai, ko na Ribah, da wani wasan yara da ake ƙerawa a Kanada? Haɗin kuwa yana da yawa. Duk abin da aka ƙera a can, ko ba daɗe ko ba jima sai ya sauka a rumfunan wasa na garuruwanmu, inda 'ya'yanmu da ƙannenmu ke wuni. Sa'an nan abin da wasan ke sayarwa a matsayin nishaɗi, wato shiga wuri cikin dare da makami ba tare da an ankara ba, abu ne da mutanen masarautar nan suka sani a zahiri, suka kuma binne 'yan'uwansu a dalilinsa. Saboda haka ya kamata a yi wa al'amarin duban tsanaki tun kafin ya iso, a san abin da ya cancanci tsoro a cikinsa da abin da bai cancanta ba.

MENE NE WASAN SANƊA?

Wasannin kwamfuta iri-iri ne. Akwai na ƙwallon ƙafa, wanda shi ne ya fi farin jini a ƙasan nan, akwai na tseren mota, akwai na dambe, akwai kuma na harbi, inda mai wasa ke buɗe wuta ga duk wanda ya tare masa hanya. Wasan sanɗa ya sha bamban da na harbi, ko da yake shi ma akwai makami a ciki. A nan ana ba mai wasa mutum ɗaya tak ya sarrafa, a tura shi cikin sansanin abokan gaba ko wani gini mai tsaro, ya ɗauko wata takarda ko ya kuɓutar da wani fursuna, ya fito ba wanda ya gan shi. Idan mai gadi ya hango shi ko ya ji motsinsa, sai a buga ƙararrawa, aikin ya lalace. Don haka gwanin wannan wasa shi ne mai haƙuri, wanda zai laɓe a bayan bango yana ƙirga takun mai gadi har ya gane lokacin da yake juya baya.

Asalin irin wannan wasa yana da ban sha'awa. A shekarar 1987 kamfanin Konami na ƙasar Japan ya ɗora wa wani matashin ma'aikacinsa, Hideo Kojima, aikin ƙera wasan yaƙi a kan wata ƙaramar kwamfuta mai suna MSX2. Na'urar ba ta da ƙarfin nuna sojoji da harsasai masu yawa a lokaci ɗaya, sai Kojima ya juya dabarar, ya mai da gujewa faɗa shi ne wasan. Haka aka haifi Metal Gear. A 1998 sabon kashinsa, Metal Gear Solid, ya fito a kan na'urar PlayStation ya karɓu ƙwarai, a wannan shekara kuma aka fito da Thief da Tenchu, duk a kan wannan tafarki.

Splinter Cell ya biyo baya a 2002, yana ɗauke da sunan marubucin labaran leƙen asiri na Amurka, Tom Clancy. Jarumin wasan, Sam Fisher, ma'aikaci ne na wani ɓoyayyen sashe na hukumar tsaron Amurka, ana kuma gane shi da tabarau mai fitila uku kore wanda ke ba shi ikon gani cikin duhu. Abin da wasan ya yi fice a kansa shi ne amfani da haske da inuwa. Akwai wani ma'auni a gefen allo da ke nuna wa mai wasa ko yana cikin duhu ko ya fito fili, har yakan harbe ƙwan lantarki domin ya sami wurin ɓuya. Kashi biyar manya suka biyo bayansa, a 2004, da 2005, da 2006, da 2010, sai na ƙarshe mai suna Blacklist a 2013.

Game da wanda ake jira, kamfanin ya ce za a gina shi ne daga tushe da kayan aikin zamani, a kuma gyara labarinsa ya dace da masu wasa na yanzu. A 2022, sa'ad da jerin ya cika shekara 20, masu aikin sun bayyana burinsu na cewa mutum ya iya kammala wasan ba tare da ya kashe kowa ba. Kasuwar ma ta nuna tana bukatar irinsa. A watan Agusta na 2025 Konami ya sake fito da ɗaya daga cikin tsofaffin wasannin Metal Gear da sabon fasali, ya kuma ce ya sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a ranar farko. A watan Oktoba na wannan shekara kamfanin Netflix ya nuna fim ɗin zane a kan Sam Fisher. Shi kuwa Kojima, wanda ya bar Konami a 2015, ya sanar a 2024 cewa zai ƙera wani sabon wasan leƙen asiri mai suna Physint. Wannan duk alama ce ta cewa wasan sanɗa na dawowa da ƙarfinsa.

YADDA ZAI ISO GARE MU

A ƙasashen Turai da Amurka uba ko uwa ne ke shiga kanti su saya wa yaro wasa, su duba alamar shekaru da ke jikin kwalin. A Amurka an kafa hukumar ESRB a 1994 domin wannan aiki, Turai kuma ta fito da tsarin PEGI a 2003. Blacklist, alal misali, an sa masa alamar shekara 18 a Turai, a Amurka kuma ta shekara 17 zuwa sama.

A nan lissafin daban ne. Babban wasa sabon fitowa ana sayar da shi wajen dala 70. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. A bisa wannan canji, wasa ɗaya ya kama Naira 105,000, alhali kuwa mafi ƙarancin albashi da Gwamnatin Jihar Kebbi ta amince da shi a watan Oktoba na 2024 Naira 75,000 ne. Wato ƙaramin ma'aikaci ko ya ba da albashinsa na wata gaba ɗaya bai sayi faifai ɗaya ba, balle na'urar PlayStation 5 da ta fito a 2020 a kan dala 499.

Abin da wannan ke nufi shi ne, wasan ba zai shigo ta ƙofar gida ba. Zai shigo ne ta rumfar wasa, irin wadda ake samu a kusan kowane gari na ƙasan nan: ɗaki ɗaya, da benci, da akwatin talabijin biyu ko uku, da janareta a bakin ƙofa, yaro ya biya 'yan kuɗi kaɗan ya buga na wani lokaci ya ba na bayansa wuri. Mai rumfa yakan sayi tsohuwar na'ura wadda aka riga aka cika ta da wasanni a kasuwa, ba kwali, ba takarda, ba alamar shekaru. Wata hanyar kuma ita ce wayar hannu, inda yara ke kallon hotunan wasu suna buga wasan ko da su ba su taɓa riƙe shi ba. Ta haka hukuncin abin da ɗan shekara 10 zai gani ya fita daga hannun iyayensa da malamansa ya koma hannun mai rumfa, wanda shi kuma abin da ya dame shi shi ne ya mai da kuɗin man fetur, musamman tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Wannan shi ne giɓi na farko da ya kamata hukuma ta lura da shi.

GARIN SOJA

Dalili na biyu ya shafi Zuru fiye da sauran garuruwa. Duk Nijeriya an san ƙasar nan da aikin soja. Marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami Gomo na Biyu, wanda ya rasu a watan Agusta na 2025, ya yi Gwamnan Soja na Jihar Bauci daga 1984 zuwa 1985. Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Manjo Janar Tanko Ayuba ya yi Gwamnan Soja na Jihar Kaduna. Bayan waɗannan manya akwai dubban kurata da kofur da saje waɗanda ba a buga sunayensu a jarida, kuma da wuya a sami unguwar da ba ta da tsohon soja ko matar da mijinta ya tafi bakin daga bai dawo ba. Masana al'adun Dakarkari sukan danganta wannan juriya da golmo, wato aikin gona na shekaru da saurayi ke yi wa surukinsa kafin a ba shi mata, wanda ke horar da shi ga wahala da biyayya da aiki cikin ƙungiya.

To, yaron da ya tashi a irin wannan gida, yana mafarkin sa kaki kamar kakansa, wane hoto wasan sanɗa ke zana masa na aikin soja? Yana nuna masa mutum ɗaya tilo wanda ya fi runduna, wanda ba ya jin yunwa, ba ya jiran albashi, ba ya karɓar umurni sai ta ɗan abin magana da ke kunnensa, kuma doka ba ta hau kansa ba. Idan aka harbe shi, sai a latsa maɓalli ya tashi ya sake gwadawa. Mai gadin da ya shaƙe a bayan ƙofa ba shi da suna, ba shi da uwa, ba mai zaman makoki dominsa.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne, domin manyan rundunonin duniya sun san tasirinsa. A 2002 rundunar sojan Amurka da kanta ta fito da wasan kwamfuta mai suna America's Army, ta rarraba shi kyauta domin jawo hankalin matasa su shiga soja, ba ta rufe shi ba sai a 2022. Wanda ya kashe kuɗin gwamnati shekara 20 a kan wasa ya san abin da yake saye.

Tarihinmu kuwa na da darasin da ya fi wannan gaskiya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kai sojojin Afirka ta Yamma ƙasar Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, kuma a 1944 bataliyoyi uku na sojan Nijeriya sun shiga cikin mayaƙan da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke da jiragen sama a bayan layin Japanawa domin su datse musu hanyoyin abinci da makamai. Sunan barikin Chindit da ke Zariya daga nan ya samo asali. Wannan ita ce sanɗa ta haƙiƙa, kuma waɗanda suka yi ta sun yi ta ne cikin damina da zazzaɓi da atuni da yunwa, kowa na dogara da na kusa da shi. Da yawa ba su dawo ba. Yaron da ke son aikin soja ya fi bukatar jin wannan labari daga bakin dattawan gidansu kafin ya ji na Sam Fisher.

SHIN WASAN NE KE KAWO TA'ADDANCI?

A nan ne ya kamata a yi hattara da saurin yanke hukunci. Masarautar Zuru, mai ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru, da Danko-Wasagu, da Fakai, da Sakaba, ta sha wuya a hannun 'yan bindiga. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe fiye da mutum 60. Ran 17 ga watan Nuwamba na 2025, kafin asuba, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25, waɗanda Allah ya kuɓutar da su daga baya. Wanda ya ga irin wannan, in ya leƙa rumfa ya tarar da yara suna shewa don wani ya lallaɓa ya shaƙe mai gadi a allo, ba za a ga laifinsa ba idan ya ce a rufe rumfunan duka.

Amma fa binciken masana bai goyi bayan cewa wasan ne ke haifar da mai kisa ba. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta sake duba batun, ta ce akwai 'yar alaƙa tsakanin wasannin faɗa da zafin rai, kamar tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar da za a ɗora musu alhakin aikata manyan laifuffuka na zub da jini. Ƙasar Japan, inda aka haifi Metal Gear, tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin kisan kai a duniya. Waɗanda suka addabi dazuzzukan da ke tsakanin Kebbi da Zamfara da Neja ba a rumfar wasa suka koyi sana'arsu ba. Tushen fitinar sananne ne: satar shanu, da rikicin gona da makiyaya da aka bari ya ruɓe, da makaman da suka bazu a yankin Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, da kuɗin fansa, da kuma ɗimbin matasa marasa ilmi marasa aiki. Rufe rumfar wasa ba zai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Illar da aka tabbatar ta fi wannan kusa da gida. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtukan da ta amince da su, wato halin da mutum zai kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan karatu da barci da sana'a har tsawon lokaci, ko da yake ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan matsayi. Wasan sanɗa kuwa mai cin lokaci ne, domin an gina shi a kan jira da maimaitawa. Ɗalibin da ya tsallake darasin lissafi ya tafi rumfa, ko ya karkatar da kuɗin littafi, shi ne asarar da za mu iya gani da idonmu, shi ne kuma wanda za mu iya yi wa magani.

WA KE BA DA LABARIN AFIRKA?

Akwai wani ɓangare kuma da ba a cika lura da shi ba, shi ne yadda wasannin nan ke nuna nahiyarmu. Metal Gear na 1987 an kafa labarinsa ne a wani sansanin sojan haya a Afirka ta Kudu. Splinter Cell na 2006 ya kai Sam Fisher birnin Kinshasa cikin yaƙin basasa. Na 2013 ya kai shi Bangazi a Libiya. Metal Gear Solid na biyar, wanda ya fito a 2015, ya ɗora rabin labarinsa a kan iyakar Angola da Zayar a shekarar 1984, da yara ƙanana riƙe da bindigogi.

Adalci ya sa a faɗi cewa wasannin Kojima sukan yi suka ga yaƙi da makaman ƙare-dangi, kuma a wancan na 2015 duk wanda ya kashe yaro ya faɗi wasan nan take, aikinsa shi ne ya fitar da yaran daga fagen fama. Amma duk da haka fasalin bai sauya ba: baƙo ne ke zuwa daga nesa da kayan aiki na zamani, ƙasarmu kuwa fili ce kawai ta ƙura da hayaƙi, mutanenta ko dai masu gadi ne da za a lallaɓa a wuce, ko kuwa abin tausayi da za a ceta. Yaron Zuru da ke riƙe da abin latsawa yana kallon mai kama da shi ne ta cikin tabaraun baƙon.

Alhali kuwa idan labarin ɓuya da dabara ake nema, duwatsun ƙasar nan cike suke da shi. A ƙarni na 19, sa'ad da mayaƙan Kwantagora, tun daga zamanin Umaru Nagwamatse har zuwa na ɗansa Ibrahim, ke kai hare-haren kama bayi a wannan yanki, mutanen ƙasar Zuru sun dogara ne da tuddai da sanin hanyoyin daji domin kare kansu daga masu dawakai, har Turawa suka ci Kwantagora a 1901. A irin wannan labari mai sanɗa ba mahari ba ne, mai tsaron gida ne, wanda nasararsa ita ce ya kai mata da yara da hatsi kan dutse kafin gari ya waye. Wasan da aka gina a kan haka zai koyar da haƙuri da lura iri ɗaya da na Splinter Cell, ya kuma bar yaro da sanin ko shi wane ne.

Kada a ce wannan mafarki ne. A birnin Yawunde na ƙasar Kamaru wani ƙaramin kamfani mai suna Kiro'o Games ya fito da wasan Aurion a 2016, wanda aka gina a kan al'adun Afirka, duk da ɗaukewar lantarki da ta yi ta katse musu aiki. A Legas kamfanin Maliyo Games, wanda aka kafa a 2012, ya kai ga yin aiki tare da Disney a 2024. A wannan shekara kuma kamfanin Sony, mai PlayStation, ya zuba jari a kamfanin Carry1st na Afirka ta Kudu. Kayan ƙera wasa irin su Godot kyauta ake saukar da su daga intanet. Abin da ake bukata shi ne kwamfuta, da wuta, da malami, da kuma wanda ya san labarin.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, ƙananan hukumomin masarautar nan su yi wa rumfunan wasa rajista kamar yadda ake yi wa sauran wuraren sana'a, da sharuɗɗa kaɗan masu sauƙin bi: kada a karɓi yaro mai kayan makaranta a lokacin darasi, a rufe a kan lokaci da dare, a kuma rubuta sunayen wasannin da ke cikin na'ura da shekarun da suka dace da kowanne a manna a bango. Ƙasar Sin ta bi hanya mai tsauri a 2021, inda ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mu ba mu da na'urorin aiwatar da irin wannan, amma muna da masu unguwa da dagatai da ƙungiyoyin iyaye da malamai, waɗanda suka san kowace rumfa da mai ita. A kuma tuna cewa mai rumfa shi ma matashi ne da ya samar wa kansa abin yi, don haka a jawo shi a jiki, kada a mai da rajistar hanyar tatsar kuɗi.

Na biyu, Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ta ba wasannin kwamfuta kulawar da take ba finafinai. Takwararta ta Afirka ta Kudu ta daɗe tana sa wa wasanni alamar shekaru. Ba sai an ƙirƙiro sabon ma'auni ba, ya isa a ɗauki wanda ake da shi a fassara shi da Hausa da C'lela a watsa ta gidajen rediyo, yadda uban da bai taɓa riƙe na'urar ba zai san abin da lamba 18 ke nufi.

Na uku, Ma'aikatar Ilmi da manyan makarantun jihar, ciki har da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, su buɗe ƙofa ga ɗaliban da ke son koyon ƙera wasa, su haɗa su da malaman tarihi da dattawan da ke riƙe da labaran gargajiya tun suna raye. Shirin Gwamnatin Tarayya na horar da matasa miliyan uku a fannin fasahar zamani, wanda aka ƙaddamar a 2023, wata dama ce da bai kamata ta tsaya a Legas da Abuja ba. Ko a bikin Uhola ana iya ware gasa ga ɗalibin da ya fi iya mai da wani labarin ƙasar nan wasan waya.

Na huɗu ya rataya ne a wuyan iyaye, musamman ma'aikatan gwamnati waɗanda 'ya'yansu suka fi samun waya da kuɗin kashewa. Uba ya taka ya je rumfar da ɗansa ke zuwa, ya zauna ya ga abin da ake bugawa, ya tambayi yaron me ya fahimta. Wanda ya yi soja ya gaya masa bambancin allo da daji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Su kuwa ɗalibai, ya kamata su riƙa yi wa kansu tambaya duk sa'ad da suka biya kuɗi suka zauna a kan benci: wa ya rubuta wannan labari, me yake so in ɗauka, kuma aljihun wa kuɗina ke shiga? Masu ƙera Splinter Cell sun shafe fiye da shekara huɗu suna aiki a kan wasa ɗaya, suna zane, suna lissafi, suna rubutu, ana biyansu albashi. Wannan ma sana'a ce, kuma ba a rubuta ta da sunan wata ƙasa ba.

Ranar da wasan zai fito tana hannun kamfanin da ke Toronto. Abin da zai tarar idan ya iso rumfunan Zuru kuwa yana hannun hukumominmu da iyayenmu da malamanmu, kuma jinkirin da aka samu lokaci ne da ya kamata a yi amfani da shi. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya kuma shirya mana zuriya.